TAMBAYA DA AMSA: Kacici-kacicin Bitcoin, da gaske akwai kudin ko kanzon kurege ne?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon sakonni sun taru akan magana daya, wato wasan wasa kwakwalwar nan na intanet da ake cewa duk wanda ya warware shi zai kwashi Bitcoin. Na zabo guda biyar, sauran wadanda basu ga nasu ba kuyi hakuri, insha Allahu amsarku na cikin wadannan.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Wani abokina ne ya turo min bidiyo a WhatsApp wai akwai wani mutum da ya boye Bitcoin kusan dubu a intanet yace duk wanda ya gano lambar sirrin ya dauka halak malak, kuma wai ko da waya ana iya nema. Ni dai tun bayan wasan Hamster na Telegram bana saurin yarda da komai amma abin ya tsaya min a rai. Dan Allah gaskiya ne? Daga wani mai gyaran waya a Farm Centre, Kano.

AMSA: Dan uwa rabin maganar abokinka gaskiya ce, rabin kuma shine inda ake yaudarar mutane. Kudin suna nan, kowa zai iya ganinsu da idonsa tunda littafin Bitcoin a bude yake. A watan Janairun 2015 wani mutum da bai bayyana kansa ba ya raba Bitcoin kusan 32.9 cikin adireshi 256, wato kamar lambobin asusu da ake ajiye Bitcoin a cikinsu, na farko ya sa masa 0.001, na biyu 0.002, haka haka har karshe. A 2017 ya kwashe na saman, daga 161 zuwa 256, ya zuba su cikin na kasa, sannan a watan Afrilun 2023 ya sake ninka kyautar sau goma, daga nan ne jimillar ta kai wajen Bitcoin 1,000 da kake ji ana fada. Bayan wannan karin lissafin ya zama mai sauki, adireshi mai lamba 71 ya samu Bitcoin 7.1, mai lamba 135 kuma 13.5.

Toh menene wasan? Kowane adireshin Bitcoin yana da makullin sirri, shi kuma makullin ba komai bane illa lamba, amma lamba ce mai tsawon gaske, in ka rubuta ta da alkalumanmu na yau da kullum zata kai alkaluma 77 ko 78. Shi wannan mutumin da gangan ya gajarta makullan. Na adireshi na farko 1 ne kawai. Na biyu yana tsakanin 2 da 3, na uku tsakanin 4 da 7, na hudu tsakanin 8 da 15, kowane mataki filin da zaka bincika yana ninka na baya sau biyu. Shi yasa na farko-farkon aka share su nan da nan, amma ana hawa sama abu ya fara gagara. Da ya yi magana a 2017 cewa yayi babu wata dabara ko tsari da ya boye a ciki, ma'auni ne kawai ya ajiye don a ga iya karfin kwamfutocin jama'a wajen fasa makulli. Ka rike wannan da kyau domin zaka ga mutane a YouTube suna zana layuka suna cewa sun gano sirrin jerin lambobin, mai abin da bakinsa yace babu.

Bari muyi lissafin lamba 71, wacce ido ya koma kanta bayan an fasa 69 a watan Afrilun 2025, ita 70 an riga an fasa ta, zan fadi dalili a kasa. Lambobin da zaka gwada guda 1,180,591,620,717,411,303,424 ne. Mu kaddara kana da kwamfuta mai katin GPU, wato bangaren kwamfuta mai saurin lissafi, dake gwada biliyan daya duk dakika, ba dauke wuta ba hutawa, zata dauki sama da shekara 37,000 kafin ta gama zagaye filin, in ma kayi sa'a ka same ta a tsakiya shekara dubu goma sha takwas da wani abu kenan. Wayar dake hannunka kuwa ko mun yi mata alfarma mun ce tana gwada miliyan daya a dakika maganar ta koma shekara miliyan 37. Kai da kake gyaran waya ka fi ni sanin abinda zai faru da batir da allon wayar da aka bari tana zafi dare da rana. Wadanda suka ci na baya-bayan nan ba da waya suka ci ba, dubban katunan GPU ake hadawa su yi ta aiki wata da watanni, kudin haya da na wuta kadai ya isa jari. Na san za'a ce min allura cikin ruwa mai rabo ka dauka, haka ne, amma wannan ruwan teku ne kuma masu jiragen ruwa sun riga ka shiga.

TAMBAYA: Salam. Ni a wani guruf na Telegram aka tallata mana wata manhaja wai tana binciko walet, wato asusun ajiyar Bitcoin, da masu su suka mutu ko suka manta, na biya dubu 25 aka bani, kwana uku tana juyawa sai ta nuna ta samo Bitcoin 0.4 amma wai sai na kara biyan kudin bude ta kafin in cire. In biya? Kudin adashi na ne wlh. Daga wata yar uwa a Gusau.

AMSA: Yar uwa kada ki kara musu ko sisi, dan Allah. Wallahi raina ya baci da na karanta sakonki saboda na san yadda ake tara kudin adashi. Babu wani 0.4 da ta samo, hoto ne kawai aka tsara ya fito bayan kwana uku don ranki ya biya. Ki duba lissafin da nayi wa dan uwanmu na sama, wancan fa makulli ne da aka rage masa karfi da gangan zuwa mataki 71, walet din mutane na gaskiya kuwa da jerin kalmomin sirri ake bude shi, mai kalmomi 12 matakinsa 128 ne, mai kalmomi 24 kuma 256, kuma kowane mataki daya ninki biyu ne. Sannan ki tambayi kanki, wanda yake da injin dake tono Bitcoin a kwana uku me zai yi da dubu 25 dinki?

Abinda ya fi damuna ma ba kudin da suka tafi bane, manhajar da kika saka ce. Irinsu sukan karanta sakonnin waya su dauki lambar da banki ke turowa, wasu kuma in kika kwafi adireshin walet zaki tura kudi sai su musanya shi da nasu baki lura ba. Ki goge ta yau, in da hali ki kwashe hotunanki da lambobinki a yi wa wayar wankin gaba daya, ki canza fin din manhajar banki da fasuwod din imel, in kina da walet a wayar ki bude sabo a wata wayar ki maida abinda ke ciki. Ki ajiye sikirinshot na hirarku da rasit din turawar ki kai wa bankinki korafi da wuri.

Tunda muna kan wannan bari in hada da wani tarkon da ya yi kama da shi. Zaka ga wani a karkashin bidiyon YouTube ya rubuta kalmominsa 12 gaba daya kamar bagidaje, yace yana da USDT, wato dalar intanet, a taimaka masa yadda zai cire. Mai kwadayi ya bude ya ga daloli zube, sai dai babu TRX, wato kudin intanet din da za'a biya ladan turawa da shi, ya tura nasa, kafin kiftawar ido an janye shi, dalolin kuma basa ciruwa domin an daure walet din sai da sa hannun wani makullin daban. Kamfanin Kaspersky ya yi gargadi akan wannan a karshen 2024. Wanda ya fada wannan ramin da niyyar daukar na wani ya shiga, shi yasa ko kara baya iya kaiwa.

TAMBAYA: Malam naji ance wanda ya fasa lamba 66 bai ci kudin ba wai an kwace a hanya. Ta yaya za'a kwace bayan ance Bitcoin baya satuwa? Daga dalibin kimiyyar kwamfuta a Zariya.

AMSA: Madalla da wannan tambaya kanena, ita ce ta fi min dadi a cikinsu. A watan Satumbar 2024 ne aka fasa 66 mai dauke da Bitcoin 6.6, kuma abinda masu bin diddigi suka ruwaito shine turawar farko bata kai ga shiga littafi ba wata ta maye gurbinta, mafi yawan kudin suka tafi wani adireshin. Kura da shan bugu gardi da karbar kudi.

Ga yadda abin yake. Makulli biyu ne, na sirri da na bayyane, shi adireshin da kake gani curin makullin bayyane ne da aka nike ta hanyar lissafi, baka iya komawa baya daga adireshi ka fito da shi. Muddin ba'a taba fitar da kudi daga adireshin ba makullin bayyanen a rufe yake, dole sai dai kayi ta gwaji daya bayan daya. Amma ranar da ka tashi tura kudi dole ka nuna shi, kuma turawar taka bata shiga nan take, tana zama a zauren jira inda duk duniya ke kallonta har masu haka, wato masu injinan dake tabbatar da turawa, su saka ta a bulo, wato sabon shafin littafin, wanda a matsakaici minti goma ne. Toh akwai wata dabarar lissafi da John Pollard ya fito da ita a 1978 da ake kira kangaru, in kana da makullin bayyane kuma ka san dan filin da na sirrin yake, aikin da zaka yi saiwar adadin ne kawai. Wato mataki 66 ya dawo kamar mataki 33, gwaji biliyan takwas da rabi ko ninkinsa, abinda kati daya mai kyau zai gama tun ba'a rufe bulo ba. Mutane sun dasa manhajoji suna gadin adireshin nan dare da rana, suna ganin makullin ya bayyana suka lissafo na sirrin, suka rubuta tasu turawar da lada mafi tsoka, masu haka kuwa wanda ya fi biya suke dauka. Shi yasa wadanda suka ci 67 da 68 a 2025 basu bi ta zauren jira ba, kai tsaye suka mika wa masu haka a boye.

Wannan dabarar ce kuma ta sa zaka ga an fasa 70, 75, har 130 alhali ana fama da na kasa da su. A 2019 mai wasan ya fitar da dan mitsitsin kudi daga duk adireshi na biyar-biyar, 65, 70, 75 har 160, don makullansu na bayyane su fito. Lamba 130 mai Bitcoin 13 ita ma a Satumbar 2024 ta fadi. Kada wannan ya tsorata ka game da walet dinka, cikakken makulli mai mataki 256 ko kangaru ta raba shi biyu saura 128, babu kwamfutar dake kusa da wannan a yau. Matsalar gajeren makulli ce, da kuma makullin da mutum ya kirkira da kansa daga wata jimla ko aya ko sunan masoyiya, wadannan an dade ana kwashe su.

Ga wani misalin da nake so duk mai walet ya sani. A 2020 wani mai zuba jari, Alistair Milne, ya sa Bitcoin daya a walet yana sakin kalmomin 12 kadan-kadan a matsayin gasa. Kalmomin nan daga jerin guda 2,048 ake zabo su. Da aka samu takwas saura hudu, wani injiniya John Cantrell bai jira sauran ba, ya hayi katunan GPU ya gwada sama da tiriliyan daya cikin awa 30 ya dauke kudin. Don haka masu tura wa wani rabin kalmominsu suna cewa ai ba duka na bashi ba, ku daina.

TAMBAYA: Shin wannan ba caca bane? Kuma ya halatta mutum ya bude walet din da ba nasa ba? Daga wani magidanci a Maradi.

AMSA: Alhaji fatawa ta malamai ce kuma ina rokonka ka kai musu, musamman da yake shi kansa kirifto, wato kudin intanet irin su Bitcoin, malamanmu sun yi sabani akansa. Abinda zan iya shine in fayyace surar abin don ka kai tambayar daidai. A wasan da muke magana mai dukiya ne da kansa ya ajiye yace wanda ya iya ya dauka, baka biyan kudin shiga, wannan ya fi kama da abinda littattafan fikihu ke kira ji'ala, sanya lada ga duk wanda ya yi wani aiki, ana kafa hujja da aya ta 72 a Suratu Yusuf inda aka yi alkawarin kayan rakumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Amma ka fada wa malamin cewa akwai masu karbar kudin mutane su hayi injina akan in an dace a raba in ba'a dace ba shikenan, da kuma gasar da sai ka sayi tikiti, wadannan surarsu daban ce. Shi kuwa laluben walet din mutane da sunan wai sun manta ko sun mutu, ni a wajena wannan bashi da maraba da gwada makullai a kofar shagon wani, in mai shi ya rasu ai yana da magada.

TAMBAYA: Malam ni ba kudin ne suka dame ni ba sosai, abin ne yake burge ni. Ina aji biyar a sakandare kuma ina son lissafi. Daga ina zan fara? Laftof din yayana nake ara. Daga wata daliba a Bauchi.

AMSA: Yarinyata Allah ya yi miki albarka, kuma ki gode wa yayanki. Abinda na yi ta bayani a sama duk na karfin inji ne, amma akwai kashi na biyu wanda kwakwalwa ce ke cinsa, kuma nan ne tsohuwar laftof ta isa. A 2015 wata mai zane, Marguerite deCourcelle, ta saki hoton wani zane mai harsunan wuta kewaye da gefensa, makullin Bitcoin kusan biyar na boye cikin tsawo da fadi da launin harsunan, sai da aka kusa shekara uku kafin wani ya warware a farkon 2018. A watan Oktoban 2018 kuma wani mai kiran kansa Pip ya boye Bitcoin 310 cikin hoto guda baki da fari, wannan kwanaki kadan ya yi aka fasa shi. Irin wadannan hakuri suke so da lura da yawan karatu.

Kuma kada ki dauka ilimin bako ne a wajenmu. In kin taba jin yan mata na zaurance, suna cusa wata gaba cikin kowace kalma don kada a gane hirarsu, kin riga kin ga boye sako da makulli, wanda ya san gabar da ake cusawa shi ke da makullin. Wanda ya fara rubuta hanyar fasa irin wannan a ilmance kuwa Al-Kindi ne a Bagadaza a karni na 9, ya lura cewa a kowane harshe wasu haruffa sun fi wasu yawan fitowa, a Larabci alif da lam, don haka ko an canza wa haruffa kama kirga su zai tona asiri. Ki gwada yau da daddare, ki sa kawarki ta rubuta sakin layi daya da Hausa ta musanya kowane harafi da wata alama, ke kuma ki kirga alamar da ta fi yawa, kusan tabbas harafin a ce, daga nan ki nemo na, da, ya, ta, zaki ga sakon yana budewa da kansa. Ranar da kika fasa na farko zaki gane dalilin da yasa mutane ke kwana akan abin nan.

Bayan wannan ki koyi Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, ko awa daya a rana. Ki gane lissafin saura, wato abinda ke ragewa in an raba lamba, irin na agogo da karfe 10 in an kara awa 5 yake komawa karfe 3, domin kusan duk boye sakon zamani akansa aka gina shi. Ki saba da rubutun lamba na gida biyu (binary, mai 0 da 1 kawai) da na gida goma sha shida (hexadecimal). Akwai shafin gasar fasa kacici-kacicin kwamfuta picoCTF na jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka da aka yi shi musamman don daliban sakandare kuma kyauta ne, akwai shafukan CryptoHack da Cryptopals in kin dan yi nisa, sai CyberChef da zai taimaka miki wajen juya rubutu daga wata siga zuwa wata. In abu ya gagare ki kwana biyu uku babu laifi ki bada gari kamar yadda muke yi a kacici-kacici, ki karanta yadda wasu suka warware, amma ki rufe ki sake yi da hannunki.

Maganar kudi kuma tana nan gaba, kamfanoni na biyan wanda ya gano baraka a manhajarsu ya fada musu ta hanyar da suka amince, a 2022 kamfanin kirifto na Wormhole ya biya wani mai bincike dala miliyan 10 akan baraka daya. Sharudda biyu zan kafa miki. Kada ki taba gwada abinda kika koya akan shafi ko asusun da ba'a baki izini ba, dokar laifukan intanet ta 2015 tana aiki a Najeriya. Sannan duk fayil din da aka turo miki a guruf da sunan kacici-kacici kada ki bude shi a laftof din yayanki, tunda akwai hotunansa da manhajar bankinsa a ciki, ki tsaya a shafukan da na ambata har ki koyi yadda ake kebe wa irin wadannan fayiloli daki na daban a cikin kwamfuta. In kin fasa sakon kawar taki ki rubuto min ki fada min kwana nawa ya dauke ki.